Ajin Da Ban Shiga Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugabar hukumar makarantu da abokan aikinta. Alƙalai da lauyoyin da suka ajiye ayyukansu suka zo. Editan jaridarmu ta mako-mako da ma'aikatansa. Shugabannin makarantu da malamai. Mahaifiyarmu, uwargidan marigayi, tare da 'ya'yansa da jikokinsa. Iyaye maza da iyaye mata. Ɗalibai da nake hangowa tsaye a bakin tagogi saboda kujeru sun ƙare. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana da ake buɗe ɗakin karatu don tunawa da mutumin da duk garin nan ke kira Malam Lauya. Ina godiya ga kwamitin da ya tsaya a kan ginin nan tun daga tushe har rufi, da duk wanda ya kawo littafi, ko da guda ɗaya ne. Ina kuma godiya da aka zaɓe ni in yi magana a kan rayuwarsa. A takardar tsarin taro da ke hannunku, an rubuta a ƙarƙashin sunana cewa ni ne ɗalibinsa na kusa, kuma magajinsa a ofis. Duka biyun gaskiya ne. Amma kafin in sauka daga nan za ku ji yadda na gaje shi, kuma ina roƙonku ku yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe.

Zan yi magana a kan abubuwa huɗu. Uku na farko nasa ne: lauya, edita, da babban sufeton makarantu. Na huɗun nawa ne.

Na farko, lauya. Ina ɗan shekara goma sha tara, ina kwalejin horar da malamai, aka kama mahaifina. Mahaifina kafinta ne, kuma aka zarge shi da satar katako daga inda ake gina asibiti, domin an samu katako irinsa guda ashirin a bayan shagonsa. Shaidu biyu suka rantse sun gan shi. Mahaifiyata ta daina cin abinci, maƙwabta suka fara sauya hanya idan sun hango mu. A wannan hali ne wani ya nuna mini ofishin wani matashin lauya, ɗaki ɗaya a saman shagon tela, mai matakala da ke kuka duk lokacin da aka taka ta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ka ga katakon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na babana ne, na san halinsa."

Ya ce, "Ban tambaye ka halinsa ba. Tashi mu je."

Muka je ofishin 'yan sanda, ya roƙi a nuna masa katakon, ya durƙusa a cikin ƙura da rigarsa ta aiki ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan muka wuce wurin ginin, ya auna nasu. Ranar shari'a ya sa aka shigo da katako biyu cikin kotu, aka jera su a gaban alƙali. Na asibiti ƙafa goma, na mahaifina ƙafa goma sha biyu. Ya ce, "Ya mai shari'a, na sha ganin ɓarawon da ya yanke abin da ya sata don ya ɓoye shi. Amma yau ne zan fara ganin wanda ya saci katako ya ƙara masa tsawo." Alƙali ya rufe baki da hannu, kotu ta kwashe da dariya, mahaifina ya kwana a gida. Har ya koma ga Allah, idan aka ambaci Malam Lauya a gabansa, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi masa addu'a.

Na biyu, edita. Bayan wasu shekaru ya ga cewa mutane da yawa suna zuwa kotu ne saboda babu wanda ya faɗa musu abin da ke faruwa tun da wuri, sai ya kafa jaridar nan da kuke karantawa har yau. Shafi huɗu ce a lokacin, kuma injin bugawar yakan tsaya duk sa'ad da ya ga dama. Na bar koyarwa na bi shi, na yi shekara takwas ina kawo masa labarai. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙi ba, domin uwargida tana zaune, kuma ba za ta yarda in yi ƙarya ba. Yana da kaifin harshe. Yakan mayar maka da rubutunka sau huɗu, jan biro ya rufe shi kamar an yanka kaza a kai. Na taɓa gani da idona ya gyara kuskuren rubutu a takardar cefanen da uwargida ta ba shi, ya mayar mata, ita kuma ta ce to ya dafa gyaran ya ci.

Tambayarsa ɗaya ce ga duk wanda ya kawo labari: ka gani da idonka, ko gaya maka aka yi? Sau ɗaya tak na ga ya karya wannan doka. Wani amininsa ya shaida masa cewa tsohon mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya rasu, shi kuma ya rubuta ta'aziyya mai kyau ya buga. Washegari da hantsi sai ga tsohon yana hawa matakala da sandarsa, jarida a hannu. Ya ce, "Wane ne edita a nan? Ni ne marigayin." Muka rasa inda za mu sa kanmu. Malam Lauya ya miƙe, ya ba shi kujerarsa, ya nemi gafara. Tsohon ya ce shi ba komai, yabon ma ya yi masa daɗi, sai dai matarsa ta suma. A mako na gaba, a shafin farko, da manyan baƙaƙe, ya buga: Edita Ya Yi Kuskure. Na ce masa, "Malam, da mun sa shi a ciki, a ƙasan shafi na uku." Ya ce, "A ina muka kashe shi? A shafin farko. To a nan za mu tashe shi."

Na uku, babban sufeton makarantu. Da aka naɗa shi a kan makarantu arba'in da ɗaya, ya ɗauke ni na zama mataimakinsa. Abin da ya yi a shekaru tara da ya riƙe wannan aiki, da yawa daga cikinku ku ne shaida, domin a kan bencinan da ya sa aka ƙera kuka zauna. Ya hana dukan yara da bulalar roba. Ya kori malaman da sunansu ke rajista amma babu wanda ya taɓa ganin fuskarsu a aji, ya kuwa yi maƙiya a kan haka, manya. Ya buɗe ajin yamma don iyaye mata da ba su samu karatu ba. Yakan isa makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa, ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi, ya ɗaga hannu ya yi tambaya. Malamai suna tsoronsa, amma idan aka taɓa haƙƙin malami, shi ne na farko a ƙofar hukuma.

Jama'a, duk wanda ya haura shekara arba'in a ɗakin nan ya san yadda wannan aiki ya ƙare. Kun san cewa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, wata Talata da safe a cikin damina, rufin aji huɗu na makarantar da ke bayan tashar mota ya rufta a kan yara talatin da takwas. Kun san malamar ajin ta karye a kafaɗa tana tura yara waje. Kun san wata yarinya 'yar shekara tara ta rasa ƙafarta ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Kun san an ce sakacin Malam Lauya ne, kuma ya ajiye aiki. Na ga yadda masu jawabi kafin ni suka tsallake wannan wuri cikin ladabi, don kada su ɓata taro. Ni ba zan iya tsallakewa ba, domin a nan ne abu na huɗu ya fara.

Kwana goma sha ɗaya kafin rufin ya faɗi, Malam Lauya ya aike ni in duba ginin makarantar nan. Ni ya aika. An yi ruwa da asuba, kuma ajin yana can baya, sai an ratsa fili mai taɓo kafin a kai gare shi. A ranar da yamma akwai manyan baƙi da za mu tarba a ofis, na saka sabon takalmi da fararen kaya. Shugaban makarantar ya tare ni a bakin ƙofa, ya kai ni ofishinsa, aka kawo shayi. Na leƙa azuzuwan gaba daga baranda. Da na tambaye shi na baya, ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, yallaɓai, ɗan yoyo ne kawai." Ina shirin tafiya sai ga malamar ajin, ta ratso taɓon nan da ƙafarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki.

Ta ce, "Yallaɓai, da ka daure ka zo ka ga katakon da ke ɗauke da rufin. Ya fara lanƙwasa, kuma kullum da safe sai mun share gari a ƙarƙashinsa."

Na duba filin, na duba agogo, na ce, "Na ji, Malama. Zan rubuta."

Ban je ba, kuma ban rubuta ba. Ni ɗan kafinta ne. A cikin ƙurar katako na tashi. Na san ma'anar garin da ke zubowa daga katako kamar yadda na san sunana: gara ce ta cinye cikinsa. Da na yi tafiyar minti biyu na ɗaga kai, da a ranar an rufe ajin. Na koma ofis na rubuta cewa an duba dukkan azuzuwa tara, babu matsala. Na sa hannu, na kai masa, shi ma ya sa hannu a ƙasan nawa.

Da aka kafa kwamitin bincike, an kawo malamar daga asibiti, hannunta a ɗaure. Aka tambaye ta ko ta taɓa sanar da wani, ta ce ta faɗa wa wanda ya zo daga ofis. Ina zaune a layi na biyu, ina jiran a tambaye ta wane ne. Kafin shugaban kwamiti ya buɗe baki, Malam Lauya ya miƙe ya ce, "Duk wanda ya je daga ofishina, ni na aike shi, kuma sa hannuna ne na ƙarshe a takardar. Ni za ku tambaya." Wasu daga cikin waɗanda ke kan teburin nan sun daɗe suna neman inda za su kama shi, ga shi ya miƙa musu kansa. Babu wanda ya ƙara tambayar komai. Shugaban kwamiti ya dubi jama'a ya ce ko akwai mai ƙarin bayani. Na sunkuyar da kai, na yi gum.

Na yi shiru ranar da ya kwashe littattafansa daga ofis, har na taya shi ɗaukar kwali zuwa mota. Na yi shiru ranar da jaridar da ya kafa da hannunsa ta buga hotonsa a ƙarƙashin kalmar sakaci. Na yi shiru da aka jefi ƙofar gidansa da duwatsu, na yi shiru da 'ya'yansa suka daina zuwa makaranta na wata guda saboda gorin da ake yi musu, na yi shiru da uwargida ta daina shiga kasuwa da kanta. Bayan wata biyu aka kira ni aka ba ni kujerarsa, na karɓa, na yi godiya. Malamar ajin ta nemi a mayar da ita wata makaranta mai nisa, na sa hannu a takardar cikin gaggawa, domin ba na iya haɗa ido da ita. Na yi shekara goma sha tara a kan kujerar nan. An yabe ni cewa babu sufeton da ya kai ni duba rufi. Yanzu kun san dalili.

Shi kuwa ya koma aikin lauya a wani ɗan ɗaki a bayan kantin magani. Mutane kaɗan ne ke zuwa. Yawancin ranaku wasiƙu yake rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba. Sau uku yana zuwa gidan su yarinyar, sau uku mahaifinta yana rufe masa ƙofa.

Sai da na yi ritaya na iya zuwa wurinsa. Na same shi a ɗan ɗakinsa na bayan kantin magani da rana tsaka, fanka tana juyawa a hankali, yana karatu da gilashi mai kauri. Na gaishe shi, na zauna, na fara kame-kame.

Ya ce, "Idan maganar ajin baya ce, na sani."

Na ce, "Tun yaushe, Malam?"

Ya ce, "Tun ranar da ka kawo mini takardar. Na san filin nan, na sha ratsa shi. Babu mai zuwa ajin baya bayan ruwa ya dawo da takalmi kamar naka. Na gani, na ce a raina zan tambaye ka idan baƙi sun tafi, na sa hannu, na manta. Ban tambaye ka ba saboda kai ne. Da wani ne da ya sha tambaya."

Na fara kuka, ina cewa ya rufa mini asiri, ya ceci iyalina.

Ya ce, "Share hawayenka, kada ka mayar da ni waliyyi. Abin da na faɗa wa kwamiti gaskiya ne, laifina na ɗauka. Na zaci da na zauna kai ma za ka tashi ka ɗauki naka. Na jira ka a ranar, na jira ka bayan ranar." Ya cire gilashinsa. Sannan ya ce, "Ni na yafe maka abin da ya shafe ni. Amma ba ƙafata ce aka yanke ba. Mahaifin yarinyar yana nan da ransa, ka san gidan. Can za ka je."

Na ce masa zan je. Jama'a, ban je ba. Sau biyu ina kaiwa bakin layinsu ina juyowa. Na ce sai na samu lokacin da ya dace, har mahaifinta ya rasu shekara bakwai da suka wuce, yana tsine wa mutumin da rabin laifin kawai yake ɗauke da shi. Bara Malam Lauya ya bi shi. Na tsaya a sahun gaba a jana'izarsa, mutane suna yi mini ta'aziyya kamar ɗansa.

Da kwamitin ginin nan ya kawo mini takardar gayyata, na zauna na rubuta jawabi mai daɗi, shafi shida, babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma babu gaskiyar da ta fi muhimmanci. Na karanta wa matata. Ita kaɗai na taɓa faɗa wa wannan magana, shekara biyar ke nan. Ta ce, "Jawabin ya yi kyau. Amma idan shi za ka karanta, ni ba zan je ba."

Ranar Alhamis da ta wuce na tafi wurin wadda ta rasa ƙafar. Yarinyar nan yau mace ce mai shekara arba'in, mai 'ya'ya uku, tana da shagon ɗinki da mata shida ke aiki a ƙarƙashinta. Ta tarbe ni da fara'a, ta ce, "Baba, sannu da zuwa, ɗinki aka kawo mana?" Na roƙi ta sallami ma'aikatanta na ɗan lokaci, na faɗa mata duk abin da na faɗa muku, ban rage komai ba. Ta dubi keken ɗinkin da ke gabanta.

Sannan ta ce, "Baba, ka san tsohon nan, Malam Lauya, ya taɓa tsayawa a ƙofar shagon nan? Ya yi sallama, na gane shi, na ci gaba da aikina kamar ban ji ba. Ya daɗe a tsaye a rana kafin ya tafi. Da ka yi magana, da na amsa masa sallamarsa."

Na ce, "Ki yafe mini, 'yata."

Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Ba zan ce maka na yafe don ka ji sanyi ba. An ce za ka yi jawabi ranar Asabar. Ka faɗa a can, a gaban matarsa da 'ya'yansa, yadda ka faɗa mini. Zan zo in ji da kunnena."

Ta zo. Tana cikin ɗakin nan, ba zan nuna ta ba, kuma da izininta na ba da wannan labari.

Saboda haka, mai girma shugabar hukuma, jiya na miƙa wa ofishinki bayani a rubuce, da sa hannuna, ina roƙon a haɗa shi da rahoton kwamitin binciken nan, domin duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan gaba ya ga sunana a inda ya kamata ya kasance tun farko. Na kai kwafi ga edita. Na rubuta wa malamar ajin, wadda aka ce mini tana raye a wurin ɗanta, kuma zan bi wasiƙar da ƙafata. Lambar yabon da hukuma ta ba ni ranar ritaya tana cikin ambulan a kan teburin shugaban taro, na mayar. Duk abin da doka ko hukuma ta ga ya dace da ni, ina gida, ba zan je ko'ina ba.

Mama, ke kika ciyar da ni a gidanki lokacin da nake saurayi ba ni da kowa a unguwarku. Ku kuma ƙannena, ku kuka sha gorin da ni ya kamata 'ya'yana su sha. Ba na neman ku ce komai yau. Na dai so ku ji daga bakina, a gaban mutanen da suka juya wa mahaifinku baya, cewa ya aike ni aiki ne ban yi ba, kuma ya jira ni shekara talatin in faɗi haka, ban faɗa ba sai da ya tafi.

Ya Allah, Ka ji ƙan Malam Lauya, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da alheri a kan kowane yaro da ya zauna a aji saboda shi. Ka ji ƙan mahaifin wannan baiwa Taka, Ka sanyaya zuciyarta, Ka albarkaci 'ya'yanta da sana'arta. Ka ba malamar nan lafiya da kyakkyawan ƙarshe. Ka ba iyalan marigayi haƙuri a kan abin da suka sani da abin da suka ji yau. Ka tsare yaranmu a ƙarƙashin kowane rufi da suke karatu, Ka sa wannan ɗaki ya amfani na yanzu da na baya. Ni kuma, ya Ubangiji, Ka ba ni kwanakin da zan gyara abin da zai gyaru. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.